Tulunan Sifana Ba Sa Shan Ruwan Famfo

Talata, da hantsi

Mijinta ya kawo sauran kayanta. Akwati biyu, da jakar asibitin nan da har yau ba wanda ya zuge ta, sai tukwanen shuka uku da ya rungumo ɗaya bayan ɗaya ya jera a baranda. Ya gaishe ni yana kallon takalmansa. Ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya yi sallama, ba ta amsa ba. Na ce masa kar ya sa a ransa, tun da aka sallamo ta ba wanda ta amsa wa.

Sifana ke nan, 'yata. Tun tana 'yar mitsitsiya take bi na wurin gyaran famfo tana miƙo min sifana, har sunan ya bi ta. Yarinyar da in ta fara surutu sai ka ce famfon da robarsa ta cinye. Yau ga ta kwance, fuska ga bango.

Na shiga gidajen mutane da yawa a aikina, na ga fulawoyi iri-iri, ban taɓa ganin irin waɗannan ba. Ganye ne dogo, a ƙarshensa wata 'yar igiya, a ƙarshen igiyar ɗan tulu yana reto, har da murfinsa. Wai ƙwari ne ke faɗawa ciki shukar ta ci. Akwai babba mai tuluna kamar kofin shayi, akwai mai jan baki, sai ƙarama mai tulu ɗaya tak da bai kai babban yatsana ba. Ba ma ƙasa ce a tukwanen ba, wata irin gansakuka ce da ɓawon kwakwa.

Ina jan babbar zuwa inuwa, daidai tagarta, sai na ji murya daga ciki.

"Baba, kar su mutu."

Na tsaya da tukunya a hannu ina jiran ƙari. Babu ƙari.

Talata, da yamma

Na gaya wa uwarta. Ta ce, "Ni da nake kwana a bakin gadonta ba ta ce min uffan ba, sai ciyawa za ta yi wa magana?" Ta shiga kicin ta daɗe tana wanke kofi ɗaya.

Alhamis, bayan azahar

Mun dawo daga wurin likita. Ya ce ɗinkin yana warkewa, jiki ba laifi. Sai ya ce wa uwarta ta fita da ita, ni in tsaya. Ya ce in muka dawo nan da mako uku tana nan yadda take, ba ci ba magana, zai kwantar da ita a ɗaya ɓangaren. Na san ɓangaren, na masu ciwon ƙwaƙwalwa ne. Na taɓa yi musu gyaran banɗaki. Tagoginsu duk da ƙarfe, kuma ko madubi ba sa bari a ɗaki.

Na ce masa ai ta yi magana. Ya ce me ta ce? Da na gaya masa sai ya rubuta wani abu, ya ce, "To Baba, a kula da shukokin."

Ba sai ya faɗa ba. Abu ɗaya ta roƙe ni.

Juma'a, ƙarfe tara na safe

Yau na yi musu aiki na gaske. Na leƙa cikin tulunan, abin da na gani ba daɗin faɗa: ruwa ya kwanta, ya yi yauƙi, ga gawar tururuwa da fukafukan ƙuda. Duk inda na ga ruwa a kwance da datti, sunansa toshewa, wannan ko almajirin aiki na wata ɗaya ya sani. Na karkata kowane tulu na zubar, na ɗauraye da sirinji, na cika su da ruwa mai tsabta. Na ba tukwanen ruwa har ya fito ta ƙasa.

Ruwan gidan nan kuwa ba na wasa ba ne. Ni na shimfiɗa bututunsa da hannuna tun daga bakin titi har tanki. Maƙwabta nan suke ɗiba in nasu ya yi ja.

Na zauna a ƙofarta na ba ta rahoto kamar yadda nake ba masu gida. Na ce an wanke, an share, an ba da ruwa, ba a karya komai ba. Ban ji motsi ba, amma na san idonta biyu.

Asabar, da yamma

Ta sha rabin kofin shayi.

Lahadi, da la'asar

Yaya ta zo. Ita ce babba a ɗakinmu, kuma ba ta taɓa barin in manta ba. Ta shiga wurin Sifana ta yi ta magana kan haƙuri, da cewa ba a kanta aka fara ba, da cewa yarinya ce, Allah zai kawo wani. Ina jin ta daga baranda ina matse hannun bokiti.

Da ta fito ta ga tulunan, sai ta ja da baya.

"Wannan kuma wane irin abu ne?"

Na yi mata bayani.

"Shuka mai cin nama? A gidan da aka yi irin wannan abu? Kai dai tun kana yaro kunnuwan nan naka ado ne, ba ji suke ba. Ka fitar da su."

Na ce ba inda za su je. Ta ce to ta faɗa, ruwa ba ya tsami banza.

Maganar kunnuwan ce ta tsaya min. A gidan nan kowa ya san kunnuwana, kamar hannun tukunya suke. Sifana ce ta fi kowa tsokana. Watannin baya ma tana zaune a kujerar nan tana dariya, hannunta a kan cikinta, tana cewa ita addu'arta ɗaya ce, kar a ɗauko

Bari in je in rufe tanki.

Talata, da safe

Murafen babbar sun fara bushewa daga gefe. Na ƙara ruwa.

Laraba, da safe

Tuluna biyu sun yi launin ƙasa tun daga baki. In na taɓa sai su yi ƙara kamar takarda. Na ƙara ruwa safe da yamma. Na ce mata ta ƙofa duk suna lafiya.

Ba ta ci komai ba yau. Uwarta ta shiga da faranti sau uku, ta fito da shi sau uku.

Juma'a, bayan azahar

Wari ne ya kai ni. Na bi shi har wurin mai jan baki, na leƙa, sai ga tsokar nama a cikin kowane tulu, ta ruɓe ta yi baƙi, tulunan sun yi laushi suna tsiyaya.

Na shiga kicin wurin uwarta da tukunyar a hannu.

"Ke kika sa musu nama?"

"Ba kai ka ce nama suke ci ba? Kullum ruwa, kullum ruwa, wa ya taɓa rayuwa da ruwa?"

"Ƙwari na ce! Ƙwari!"

"To ka yi min tsawa, Malam. Ka yi. Na dafa na kai wa 'yata ta ƙi ci, na ce bari in ba abin da take so ko shi zai karɓa daga hannuna."

Na ajiye tukunyar a wurin wanke-wanke, muka tsaya mu biyu muna kallonta. Tun da muka yi aure ban taɓa ɗaga mata murya a kan abin da ya kai wannan ƙanƙanta ba, kuma ban taɓa jin tsoro kamar na yau ba.

Na tabbata Sifana ta ji mu. Bangon gidan nan ba ya riƙe sirri.

Asabar, ƙarfe goma na safe

Na kira mijinta. Da kunya, amma na kira. Na tambaye shi yadda take kula da su.

Ya ce shi dai bai san komai a kansu ba, ko taɓawa ba ta bari ya yi. Abin da ya sani dai, ba ta ba su ruwan famfo. Ruwan sama take tarawa a wani shuɗin duro a bayan gida. Ya ce akwai ranar da ya zuba musu na famfo ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba, wai gishirin da ke ciki yana ƙona musu saiwa.

Na ce, "Ruwan da ke cikin tulunan fa?"

"A'a Baba, wannan ai nasu ne, su suke yin abinsu. Da shi suke narkar da ƙwarin. Ba a zubarwa."

Na juya ina duban tulunan har ya ce, "Baba, kana ji na?"

Da na kashe wayar na durƙusa na duba saman gansakukar. Ga shi nan, fari-fari, ya yi ɓawo. Na san shi kamar yunwar cikina. Shi ne abin da nake kankarewa a cikin bututun mutane da butar shayinsu tun ina saurayi. Kullum ina ganinsa a ƙarfe, ban taɓa tunanin abin da zai yi wa saiwa ba. Garin neman gira na tsokane ido, kuma da hannun da nake taƙama da shi.

Lahadi, da hantsi

Na je gidansu da jarkoki biyu. Duron babu komai, sai ganye a gindinsa. Mijinta ya ce mutanen da suka yi ta zuwa a kwanakin nan ne suka ƙarar da shi wurin wanke-wanke, shi ma bai lura ba.

Ya ce in shiga in sha ruwa. A falo yake kwana, ga bargo nan a kan doguwar kujera. Ya rame, gemu ya cika masa fuska. Ƙofar ƙaramin ɗakin da suka shirya wa jaririn a buɗe take. Fentin rawaya ne, ni na taya shi zaɓa. Ban shiga ba.

Da zai raka ni ya ce, "Baba, kai ne ka karɓe shi daga hannun nas. Ni ban iya dubawa ba. Ina so in tambaye ka..."

Na ce masa rana tana yi, jarkokin ma na aro ne.

Litinin, da yamma

Mai jan baki ta tafi. Har gindinta ya yi baƙi.

Sama tas, ko gajimare ɗaya babu. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kai wa mutane ruwa, yau ga shi yana ɗaga kai kamar kaza.

Talata, bayan azahar

Ina zaune a kemis ɗin bakin titi ina jiran maganinta, sai na ji ɗis, ɗis a bayan kantin. Kunnen mai gyaran famfo ba ya wuce ɗigo. Na zagaya. Na'urar sanyaya ɗaki ce take zubar da ruwanta a ƙasa ta wani ɗan tiyo. Na tsaya ina kallo. Wannan ruwan ai ba daga ƙasa ya fito ba, daga iska yake, ɗan'uwan ruwan sama ne. Ba gishiri.

Na ce wa mai kemis ina so in sa jarka a wurin. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Baba, in ruwa kuke nema a gida ai sai in sa a kawo muku."

Na ce wannan ɗin nake so. Bai ƙara tambaya ba, ya san wa nake karɓar wa magani. Ya ce in sa, zai hana masu shara taɓawa.

Kafin yamma na samu kusan kwalba biyu. Na zuba a hankali ta saman gansakukar don ya wanke gishirin ya fita ta ƙasa. Na gaya mata ta ƙofa. Na ce, "Sifana, na samo musu ruwan da ba na famfo ba." Na ji gadon ya yi ƙara. Juyawa ta yi, ko gyara kwanciya, ban sani ba.

Laraba, da safe

Ta ci burodi yanka ɗaya. Uwarta ta fito da farantin tana nuna min kamar takardar sakamako.

Alhamis, da rana

Babu wuta tun jiya. Na'urar ba ta aiki, jarka a bushe.

Juma'a, da rana

Babu wuta. Na bi bayan banki, na bi bayan wani otal, duk inda na ji janareta. Mai gadin otal ya kore ni, ya ɗauka tiyon zan sata. Na samu rabin kwalba a bayan shagon aski.

Rabin kwalba, shuka biyu. Na tsaya da ita a hannu na rasa wa zan ba. Na raba musu, kuma na san bai ishi kowa ba.

Asabar, da yamma

Babu wuta. Ba ta ci ba.

Lahadi, da sassafe

Ƙaramar.

Lahadi, da la'asar

Ɗan tulun ya faɗi da kansa, na tsince shi a ƙasa. Ganyen duk sun kwanta, tsakiyar ta yi baƙi. Na ja kaɗan sai ta biyo hannuna gaba ɗaya, babu saiwa ko ɗaya. Ba ta da nauyi ko kaɗan.

Uwarta ta ce in kai ta bola kafin yarinyar ta gani. Na ɗauka, na kai bakin ƙofar gida, na kasa fita. Na riga na yi wannan tafiyar sau ɗaya a watan nan, da ƙaramin abu a hannu biyu, mutane suna buɗe min hanya. Ba zan sake ba. Na mayar da ita tukunyarta na tura bayan tanki.

Yau ban je ƙofarta ba. Me zan ce?

Talata, da safe

An kawo wuta. Jarka ta cika, amma babbar ba tulu ko ɗaya mai rai a jikinta. Duk sun bushe suna reto. Na kasa yanke su. Ganyen ma sun fara rawaya daga ƙasa.

Jibi ne ganin likita. Na ga uwarta tana ninke zannuwa tana sawa a jaka, da buroshi, da silifas. Da ta gan ni sai ta tura jakar ƙarƙashin gado.

Ya Allah, abu ɗaya ta roƙe ni. Ɗaya.

Laraba, da hantsi

Na je wurin mai sayar da fulawoyi na bakin gada. Na kwatanta masa. Ya ce bai san irinta ba, amma duk shukar da ganyenta ya yi rawaya yunwa take ji, in sauya mata ƙasa in sa taki. Ya cika min buhu da baƙar ƙasa, ya ƙara min takin kaji a leda. Ban san ko daidai ba ne. Ba ni da wata dabarar, kuma zama ba ya gyara famfo.

In na ci abinci zan yi.

Laraba, da yamma

Dole in rubuta wannan.

Na shimfiɗa buhu a baranda, daidai tagarta don nan ne inuwa. Na zazzage ƙasar, na kwance ledar takin. Warin ya cika gidan, har uwarta ta leƙo tana toshe hanci. Na ce mata mai fulawoyi ya ce taki za a sa. Na kama gindin babbar zan tumɓuke.

"Baba, ajiye takin nan."

Ba ta taga ba. A bayana. Tana tsaye a ƙofar baranda, ta dafa bango, rigar ta yi mata yawa, idonta a ƙanƙance saboda haske.

"Kashe ta za ka yi. Ba ta cin taki. Ba ta son ƙasa."

Na saki shukar na matsa. Ta taho a hankali, ta zauna a kan bokitin da na kife. Uwarta ta buɗe baki, na girgiza mata kai. Sifana ta ɗaga ganyen ɗaya bayan ɗaya, ta tura yatsa cikin gansakukar ta shinshina. Ta dubi jarkar.

"Wannan na ina ne?"

Na ce na na'urar mai kemis.

"Wa ya gaya maka?"

Na ce ba kowa.

Ta gyaɗa kai. Sai ta miƙo hannu ba tare da ta dube ni ba. "Miƙo min almakashi."

Na ruga na ɗauko, na sa mata a tafin hannu ta wurin mariƙi, yadda na koya mata miƙa kayan aiki. Ta bi busassun tulunan tana yankewa daga igiya, tana barin ganyen. Ta ce ganyen yana nan da ransa, shi zai ci gaba da aiki. Ta nuna min can sama, wani sabon ganye da ko buɗewa bai gama ba, a bakinsa wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa mai gashi-gashi. Ta ce in aka bar shi ya huta, aka daina wanke shi, tulu ne.

"Ina sauran?"

Na ce mai jan baki ta mutu. Ta ce ta ji ranar. Ta jira. Na tashi na je bayan tanki na ɗauko ƙaramar na ajiye a gabanta. Ta ɗauki busasshen ɗan tulun ta sa a tafin hannunta, ta daɗe tana kallo.

"Dama ba ta yi ƙwari ba," in ji ta. "Ba laifinka ba ne."

Na ce ni na ba ta ruwan famfo. Ta ce ko da na sama ne, wasu ba sa zama.

Sai ta ce, har yanzu idonta a kan tafin hannunta, "Baba, ni ban farka ba sai da aka gama komai. Umma ba ta gani ba. Shi ma ya ce bai duba ba. Kai ka ɗauke shi."

Na ce ni ne.

"Ka buɗe fuskarsa?"

Na ce na buɗe. A mota, kafin mu isa maƙabarta.

"Da wa ya yi kama?"

Tun ranar ba wanda na gaya wa. Na yi ta guje wa mai tambaya, har a takardar nan. Na durƙusa a gabanta a cikin ƙasar mai fulawoyi, na ce gashinsa baƙi ne mai yawa, hancin na ubansa ne, yatsunsa dogaye irin nata.

"Kunnuwan fa?"

Na ce, "Addu'arki ba ta karɓu ba, Sifana. Nawa ya ɗauko. Duka biyun."

Ta yi wata 'yar dariya, guda ɗaya, sai dariyar ta karye. Ta kifa kanta a kafaɗata ta yi kukan da ba ta yi ba tun da aka sallamo ta, da ƙarfi, har maƙwabta. Uwarta ta zo ta rungume mu duka, da warin takin da komai. Ni ma ban san lokacin da na fara ba.

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

Ta sha shayi, ta ci ƙwai. Ta ce a kira mijinta ya same mu a asibiti, tana so in maimaita masa abin da na gaya mata.

Uwarta ta tsaya da jakar a hannu tana dubana. Ban san abin da likita zai ce ba. Sifana ta fito tana gyara mayafi, ta dubi jakar, ta dubi kusurwar baranda.

"Umma, ajiye wannan. Baba, ɗauko jarkar, mu sa ta a wurin mai kemis kafin mu wuce. In mun dawo ta taru."